Akwatin Kifin Lirwanu

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Lirwanu a Anka ya san akwatin nan. Na gilashi ne, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, yana kan kanta a ƙarƙashin madubi, babu ruwa a ciki, babu komai. Kullum da safe, kafin ya taɓa almakashi, sai ya goge shi ciki da waje da tsumma. Baƙi kan tambaye shi na mene ne. Sai ya ce na kifi ne, ya sunkuyar da kan mutum ya ci gaba da aski. 'Yan gari ba sa tambaya, don sun san saboda 'yarsa Khairat aka sayo akwatin, kuma sun san Khairat tana maƙabartar bayan gari.

Ni ce yayarsa, Ma'u, shekara bakwai na ba shi. Na koyar a firamare har na gaji, kuma ba a san ni da rufe baki ba. Wannan labarin ne kaɗai na daɗe ina haɗiyewa.

Tun yana yaro ruwa ke ɗauke wa Lirwanu hankali. Innarmu 'yar Gummi ce, to in mun je ganin kakanni, sauran yara na guje-guje, shi yana tsugune a bakin gulbi yana kamo 'yan kifaye a kwalba. Ba don ya ci ba. Zama zai yi ya zuba musu ido har Inna ta zo ta kifar da kwalbar ta ja masa kunne. Haka ya girma, mutum mai sanyi, marar hayaniya. Aibinsa ɗaya ne: in ka faɗa masa abu da ƙarfin murya sai ya yarda, ko da zuciyarsa na gaya masa wani abu daban. Na san wannan halin nasa sarai, domin ni na fi kowa cin moriyarsa.

Ya buɗe shagon askinsa a 1998. Shekarar da ta biyo ya kai Inna ganin likita a Sakkwato, a ɗakin jira ya ga abin da ya hana mu sakat shekara tara. Ya dawo bai ko ajiye jaka ba ya ce, "Yaya, kin san abin da nig gani? Kihi cikin gilashi, jajaye, suna yawo abinsu, kana ganin har numhwashinsu."

Na ce, "Kihin da ba a ci, mi a amfaninai? Inna hwa, mi likita yac ce?"

Sai a lokacin ya tuna da takardar magani. Daga ranar duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya sha labarin kifin Sakkwato, har abokansa suka sa masa Sarkin Ruwa, shi da ko iyo bai iya ba.

Ya auri Husaina, mace mai haƙuri irinsa, har nakan ce gidansu ko kaza ba ta ɗaga murya. Sun daɗe Allah bai ba su haihuwa ba, sai a 2007 aka sami Khairat. Yarinya ce mai ƙiba, mai manyan idanu, mai kuka kamar an aiko ta. Abu ɗaya ke sa ta yin shiru, a zaunar da ita gaban kwanon ruwa ta yi ta kallo. Lirwanu ya ce jininsa ne. Ni na ce Allah ya sawwaƙe.

A ƙarshen 2008 zinari ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Samari suka bar gona suka koma ramuka, baƙi suka cika gari, injinan niƙan hatsi suka koma niƙan dutse. Masu haƙa kan zo aski kawunansu fari fat da ƙura, layi har waje. Hannun Lirwanu ya ɗan buɗe, kuma ban yi mamaki ba da aka ce mini ya hau motar Gusau neman kifi.

Akwai wani shago a can da ke sayar da tantabaru da aku da zomaye, da kifin ado a wani lungu. Mai tsaronsa babban mutum ne mai tumbi da farin tabarau, ana ce masa Dokta. Har yau ban san wa ya ba shi wannan suna ba, ina zaton shi ya ba kansa. Yana magana da Hausar rediyo, kuma bai taɓa cewa bai sani ba a rayuwarsa. Shi ya karanta wa Lirwanu dokokin. Ruwa, a zubar da shi duka kullum, a wanke gilashin da sabulu tas. Abinci, duk lokacin da kifi ya buɗe baki yunwa yake ji, a ba shi. Ɗan injin nan mai busa iska cikin ruwa kuwa ado ne kawai, mutumin da garinsu wuta ba ta zama me zai yi da shi. Da Lirwanu ya tambayi tsakuwar da ake zubawa a ƙasan akwatin, tasu ta ƙare, sai Dokta ya ce, "Kai da ka fito ƙauye kake neman yashi a birni? Kowane yashi ya yi. In ka samu mai ƙyalli ma ya fi."

Ya dawo da akwatin a kan cinyarsa, da kifi shida a leda, bakinsa har kunne. Bai kai shago ba. A ɗakin Husaina ya ajiye shi, kan wani ɗan benci, daidai tsayin Khairat.

Yashi mai ƙyalli bai yi wahalar samu ba. Nuhu, wan Husaina, yana wankin zinari a Tungar Daji. In an niƙa dutse an wanke an tsince abin da ake nema, yashin da ya rage tsibi ake yi da shi, ba mai so. Nuhu ya ɗauro buhu guda a bayan babur ya kawo. Gaskiya ban taɓa ganin yashi mai kyansa ba. Launin toka ne, laushi kamar gari, in rana ta taɓa shi sai ya riƙa walƙiya. Lirwanu ya ɗebi kwano biyu ya wanke sau uku ya zuba, ya jingine sauran buhun a zaure.

Kwanakin farko gidan ya zama wurin kallo. Khairat ta daina kuka. Takan dafa bencin ta miƙe, ta manna hanci a gilashin, ta bi jan kifi da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Kafin ta iya cewa Gwaggo ta iya cewa "kihi", abin da ya ba ni haushi ƙwarai, na kuma faɗa.

Ba a yi kwana goma ba kifayen suka canza. Suka daina cin abinci. Sai ka ga ɗaya ya karkace yana iyo a gefe guda, ya yi ta juyawa wuri ɗaya, jikinsa na karkarwa, can ya sandare ya taso sama. Ɗaya bayan ɗaya har shida. Lirwanu ya koma Gusau. Dokta ya ce ruwan rijiyarmu ne mai nauyi, ya ba shi wani shuɗin magani, ya ce a ƙara da gishiri cokali guda, ya ɗaura masa wasu shidan. Waɗannan ko mako ba su yi ba, kuma irin mutuwar na farko suka yi.

Zuwa na uku da ni aka yi, don ina da taron malamai a Gusau ranar. A mota na ga yana ta shafa aljihu. Ashe yashin ya ƙunso a takarda. Da muka shiga shagon ya buɗe ƙunshin a kan kanta, ya ce a hankali, "Dokta, ni dai raina na ba ni yashin ga na. Daga wurin masu zinari an ka kawo shi. Ko shi ka kashe su?"

Dokta ya tsakuri yashin, ya murza a yatsu, ya ɗaga shi wajen haske, har da sunsunawa. Sai ya tuntsire da dariya. "Yashi ya kashe kifi? Malam, da yashi na kisa ai da babu kifi ko ɗaya a gulbi. Wannan ma ya fi wanda muke sayarwa. Gaya mini, mutane na shigowa kallo?"

Lirwanu ya ce suna shigowa.

"To ka ji. Baki ne. Kifin ado ba ya son ido. Ka rufe shi da zane in baƙi sun zo."

Ni da nake malamar makaranta, ni na fara gyaɗa kai. Dama na sha faɗa masa matan unguwa sun cika shigowa suna yaba abu ba ko tubarkalla. Daɗi ya kama ni an gaskata ni a gaban mutane, na dube shi na ce, "Ka ji ko? Sai wani ya hwaɗa maka kaka yarda." Lirwanu ya naɗe takardarsa ya mayar aljihu, ya karɓi wasu kifayen shida.

Na ukun ma suka mutu, a ƙarƙashin zanen Husaina mai ruwan goro, ba idon da ya gan su. Lirwanu ya ce ya haƙura. Ya zubar da ruwan, ya kwashe yashin, ya kai akwatin shago don kada Khairat ta riƙa ganinsa wayam tana kuka.

Ana saura kwana biyu sunan jaririn wata ƙanwar Husaina da ta zo wankan gida wurinsu, na shiga na tarar da shi ya ciccibi buhun nan zai fita. Na tambaye shi ina zai kai shi. Ya ce kududdufin bayan gari zai kai shi, shi dai ba ya son ganinsa a gidan.

A wajenmu mace ba ta karɓar baƙi a ɗakin da ƙasarsa ta tsufa. Ana samo sabon yashi a shimfiɗa, a share shi da tsintsiya har ya yi zane. Gindin randa kuma dole a tara masa yashi, shi ke riƙe danshi ruwa ya yi sanyi. Ɗakin Husaina ya ƙwaƙule, randunanta biyu na zaune a kan busasshiyar ƙasa, ga taro na zuwa, ga bazara ta kunno kai. Shi kuma zai zubar da yashin da babu irinsa a Anka.

Na yi masa tatas. Na ce almubazzaranci ne, na ce da kunnena na ji Dokta ya wanke yashin nan daga zargi, na ce shi wane irin namiji ne da zai riƙa jin tsoron ƙasa. Ya ce, "Yaya, raina dai bai kwanta ba." Na ce ransa ya daɗe bai kwanta ba, ya sauke mini buhu. Ya sauke. Da hannuna na shimfiɗa shi, daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gado, na tara mai kauri a gindin randunan, na yayyafa ruwa. Ranar suna mata suka yi ta santin ɗakin, ni kuwa ina ta hura hanci ina cewa aikina ne.

Duk wanda ya yi rainon yaro a ƙasar nan ya san inda yaro ke zuwa in zafi ya yi. Gindin randa yake rarrafawa, ya zauna a danshi, ya damƙi yashin mai sanyi ya kai baki. Ni na ci, Lirwanu ya ci, 'ya'yana sun ci. Akan buge hannun yaro a share masa baki a yi dariya. Da aka ɗauke mata kifinta, Khairat can ta koma da zama. Sau nawa na tarar da ita leɓunanta na ƙyalli, na ɗaga ta sama na ce ga amaryar zinari.

Wata biyu aka yi kafin a ga wani abu. Ta fara ƙin abinci, sai amai, sai kuka tana riƙe ciki. Aka ce haƙora ne. Aka ce zazzaɓin sauro ne, aka yi allurai. 'Yan kalmomin da ta iya suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, har kihin. Tafiyar da ta fara ta koma tangaɗi, tana karkata gefe guda. Wata ranar Talata da hantsi Husaina ta aiko a kira ni daga makaranta. Na tarar da yarinyar a kan tabarma, idanu sun juye, jiki na jijjiga, ta sandare ta saki, ta sake sandarewa. Lirwanu na tsaye a bakin ƙofa da kilifa a hannu, ya baro mutum da rabin aski. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Yaya, haka kihin nan sun ka yi."

Na daka masa tsawa. Na ce ya ji tsoron Allah, ya daina haɗa ɗiyar mutum da kifi, ya je ya nemo mota. Ya tafi ya nemo. A asibiti aka yi zaton sanƙarau ne, aka yi iya abin da za a yi. Kwana uku ta yi, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ta cika. Shekararta biyu ba wata ɗaya.

Muka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Muka zauna da wannan har shekara ta kewayo. Sai labari ya fara zuwa daga Yargalma da Tungar Daji da wasu ƙauyuka, yara na mutuwa da jijjiga, gida ɗaya biyu, gida ɗaya uku. Likitoci suka zo daga nesa. Rediyo ya ce gubar dalma ce, tana cikin dutsen da ake niƙawa, ƙurarsa ke shiga cikin yara. Ina jin sanarwar ina tankaɗe, sai na ga rariyar ta faɗi daga hannuna.

Ashe Lirwanu bai yar da ƙunshin takardar nan ba, yana cikin aljihun tebur a shago. Ya hau babur ya bi masu gwajin ƙasa har inda suke aiki. Suna da wata na'ura mai kama da babbar kilifa, a ɗora ta a kan ƙasa ta nuna lamba. Ya ce da aka ɗora a kan yashinsa, mai riƙe da ita ya sake gwadawa, sannan ya ɗago ya tambaye shi ko akwai yara a inda aka samo wannan. Lirwanu ya ce akwai dai da.

Washegari suka zo gidan. Yashin ɗakin ya daɗe da bin shara, amma na gindin randa yana nan yadda na tara shi, da danshinsa. Suka sa safar hannu da abin rufe hanci suka kwashe shi a buhuna, suka kankare ƙasar ɗakin. Aka ɗebi jinin Husaina, tana da ciki wata huɗu a lokacin. Ina tsaye a tsakar gida ina kallo, ba wanda ya dube ni.

Ban iya zama ba. A satin na hau mota ni kaɗai na tafi Gusau. Dokta na nan, tumbinsa ya ƙaru, yana ɗaura wa wani mutum kifi a leda yana gaya masa a wanke gilashi da sabulu kullum. Bai gane ni ba. Na tuna masa, na kuma zazzage masa duk abin da ke cikina a gaban jama'a, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce ƙanena ya kawo masa yashin har kan kanta, ya tambaye shi da ladabi, abin da kawai zai ce shi ne bai sani ba. Na ce sau biyu kifi na mutuwa yana ƙara ɗaura wasu. Na ce yarinya ta ci yashin nan a gindin randa ta mutu.

Ya cire tabarau ya goge. Na ga jikinsa ya yi sanyi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya yi mini ta'aziyya. Sannan ya ce, "Amma Hajiya, ni a akwatin kifi na ce a zuba. Wa ya kai shi gindin randa?"

Ni Ma'u da ba a taɓa rufe wa baki ba, na juya na ba shi baya. Na fito na zauna a kan dakalin wani shago har aka yi la'asar.

Har yau ina jin haushin mutumin nan, kuma zan mutu da shi. Da ya ce bai sani ba, da buhun ya tafi kududdufi tun kafin in gan shi. Amma tambayarsa ta biyo ni gida, tana nan tare da ni. In na rufe ido ba fuskarsa nake gani ba, Lirwanu nake gani a zaure da buhu a kafaɗa, ya kusa fita.

Husaina ta haifi namiji, Nuraddeen, an yi masa magani yana jariri, ya rayu, yanzu ya fi ubansa tsawo. Lirwanu na nan yana askinsa, furfura ta cika masa gemu. Ya daina ba da labarin kifin Sakkwato, abokansa ma sun daina kiransa Sarkin Ruwa. Sau ɗaya na ce masa ya sayar da akwatin nan ko ya ba wani, ya ce a bar shi nan. Tsawon shekarun nan bai taɓa ce mini ke ce ba. Na so ya faɗa. Na sha ɗauko zancen don ya fashe ya zage ni in samu sauƙi, sai ya tambaye ni ya ƙafata, ko na sha magani.

Randata a kan siminti take tun daga shekarar, ba yashi ko ƙwaya a gindinta. Ruwanta ɗumi ne rani da damina, jikokina na ta ƙorafi, maƙwabta na cewa tsufa ya sa ni rowar yashi. Duk Juma'a in an sauko masallaci Lirwanu kan biyo ya gaishe ni. Da kansa yake zuwa ya buɗe randar, ya cika moɗa, ya tsuguna ya shanye ruwan ɗumin nan tas, ya mayar da murfin. Bai taɓa tambayata abin da ya sa ba sanyi ba.